Ciwon ɓarin kai gado ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ciwon ɓarin kan da 'yarki mai shekara 14 ta fara gado ne, tunda ke da mahaifiyarki kuna fama da shi. E, yana bin jini ƙwarai, kuma ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, galibi daga lokacin balaga. Amma saurin kamuwa ta gada, masu tayar da shi daban suke: ƙarancin barci, tsallake abinci, ƙishirwa, zafin rana, hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki, da kwanakin al'ada.

Ki ba ta littafi ta riƙa rubuta ranar da ya taso, awa nawa ya yi, da abin da ya gabace shi, tsawon wata 2, sannan ku kai wa likita. Kada ta sha paracetamol ko ibuprofen har kwana 15 a wata, domin maganin da kansa yakan mayar da ciwon na kullum. Kuma don Allah kada gadon ya sa ki sakankance. In ciwon ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ya sare ta farat ɗaya, ko hannu ya saki, ku tafi asibiti nan take.