Tambaya da Amsa: Yara Sun Matsa a Kai Su Daji Su Kwana a Tanti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin New York, shekarata shida a nan ina tuƙin tasi. 'Ya'yana uku sun matsa mini lamba in kai su daji a hutun bazara, mu yi yawo, su yi iyo a tafki, mu kwana a tanti kamar yadda abokan karatunsu suke yi. Ni kuwa abin da na taso na sani shi ne ba a shiga daji sai da dalili, ko farauta ko neman itace. Ina ne ya dace mu je, kuma wane haɗari ne a ciki? Daga mai karatu a Bronx.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka kai su, domin dajin da yaran suke nufi ba irin wanda ka sani a gida ba ne. Gandun shaƙatawa ne da gwamnatin jiha take kula da shi, da ma'aikata da hanyoyi da dokoki. Wanda ya fi dacewa da ku shi ne gandun Harriman, wanda ke arewa da birnin New York da tazarar kimanin kilomita 50, wato tafiyar kusan sa'a guda a mota idan ka haye gadar George Washington ka bi babbar hanyar Palisades. Shi ne na biyu a girma cikin gandayen jihar, faɗinsa ya haura eka dubu 47, yana da tafkuna da madatsun ruwa 31 da hanyoyin ƙafa na kimanin kilomita 320. Asalinsa kyauta ce, domin a shekarar 1910 ne Mary Harriman, matar wani attajirin kamfanin jiragen ƙasa da ya rasu, ta bai wa jihar eka dubu 10 da dala miliyan ɗaya.

Sai dai ban so ku fara da kwana ba. Ku fara zuwa yini guda tukuna, ku ga wurin da rana, ka ga yadda ƙaramin cikinsu yake jure tafiya, sannan a zuwa na biyu a ɗauki tanti.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne iyo, kuma a nan nake roƙonka ka tsaya da kyau. Ruwan tafki ya bambanta da na wurin ninƙaya na makaranta, wanda ake hango ƙasansa kuma aka san zurfinsa. Na tafki duhu gare shi, samansa yana iya yin ɗumi alhali ƙasansa sanyi ƙarara, kuma yaro yana iya taka ƙasa a nan, ya ƙara taku biyu ya ji babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Saboda haka ne aka hana iyo a ko'ina cikin gandun sai a bakin ruwan da aka keɓe, kamar na tafkin Welch, wanda ya fi girma kuma yake da shimfiɗar yashi mai tsawo, da na tafkin Tiorati. A waɗannan wurare za ka ga igiya ta kewaye iyakar inda ake shiga, da masu ceto zaune a kan dogayen kujeru suna duban ruwa. Idan ba su hau kujerunsu ba, kada kowa ya shiga. Ko suna nan ma, idonka kada ya bar yaranka, domin wanda yake nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, kansa kawai ake gani yana sama yana ƙasa, mutane na kusa su ɗauka wasa yake yi. Ka duba shafin hukumar gandayen jihar a intanet kafin ku fito, saboda akan rufe bakin ruwa idan gansakuka mai guba ta yaɗu a tafki.

Game da namun daji, akwai wata babbar baƙar dabba mai gashi da farata da ake kira beyar, akwai kuma macizai masu dafi a wuraren duwatsu, amma dukansu gudun mutum suke yi idan ba a tsokane su ba. Ƙanshin abinci ne yake jawo beyar, don haka idan an gama cin tuwo ko shinkafa da dare, a kwashe kula da tukunya da shara a kulle a mota, kada a bar ko biskit a cikin tanti. Abin da ya fi cutar da masu zuwa wannan yanki ƙarami ne ƙwarai, wato kaska. Wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, tana laɓe a ciyawa da busassun ganyaye, kuma tana ɗauke da cutar Laim, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat mai maƙwabtaka. A sa wa yara dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a fesa maganin ƙwari, da yamma kuma kai da mai ɗakinka ku duba jikinsu, musamman bayan kunne da hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. Idan an ga kaska ta kama, a cire ta da matsefata daga dab da fata, a ja a hankali. Yawanci sai ta wuce yini guda a manne kafin ta sa cutar, amma idan zazzaɓi ya biyo baya, ko wani jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe, a garzaya wurin likita.

Hanyoyin ƙafa suna da alamun fenti a jikin itatuwa da duwatsu, kowace hanya da launinta. Farin fenti mai tsawo alamar shahararriyar hanyar Apalachiya ce, doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa jihohi da dama na gabashin Amurka, wadda aka buɗe sashenta na farko a wannan yanki a 1923. Ka sayi taswirar takarda, domin waya takan rasa sabis a cikin kwari, kuma ka lissafa tafiyar yadda za ku dawo mota tun kafin la'asar sakaliya.

Idan lokacin kwana ya zo, sansanin Beaver Pond da ke kusa da tafkin Welch ya dace da mai iyali, saboda akwai ruwa da banɗaki da wurin wanka. Ana kama wuri ta intanet tun da wuri, har wata tara kafin ranar, kuma ranakun Asabar na bazara suna saurin cika. Kada ka ɗauko itace daga nesa, domin dokar jihar ta hana kai itacen wutan da ba a gasa shi don kashe ƙwari ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi, don kada a yaɗa ƙwarin da ke kashe itatuwa. Ku tafi da barguna ko da a watan Yuli ne, saboda sanyin asuba a bakin tafki yana ratsa jiki, da tocila da buta da darduma. Alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas, kuma ya kamata ka tantance ta tun da rana, ka kafa tantin yadda za a sami fili mai tsabta a gabansa na yin sallah.