Filin Tambaya da Amsa: Ina Dawid Janczyk ya shige?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Jidda nake rubutowa. Jiya muna shan shayi bayan Isha'i musu ya kaure tsakanina da abokina, wai akwai wani ɗan ƙwallon Polan da ya fi Krychowiak, tsohon ɗan wasan Al-Shabab ta Saudiyya, tashe suna yara amma giya ta gama da shi, ni ko na ce ban yarda ba. Wane ne wannan don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, abokinka na da gaskiya fa, Dawid Janczyk yake nufi, an haife shi a 1987. Tare da Krychowiak suka buga kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2007, lokacin da Polan ta doke Brazil 1-0 da firikik ɗin Krychowiak, shi ko Janczyk ƙwallo uku ya ci a gasar, har da ragar Ajantina. A shekarar ne CSKA ta Mosko ta saye shi daga Legia ta Waso da kuɗi masu kauri, to nan fa aka samu matsala, yaro ɗan shekara 19 ga kuɗi ga kaɗaici ga benci tunda su Vagner Love sun tare gaba, sai kwalba ta zama abokiyar hira. Shi da bakinsa ya faɗi haka daga baya, ba ƙazafi ba ne.

An ba da shi aro Lokeren ta Beljiyam ya ɗan farfaɗo, amma ina, abin ya dawo. Wasa biyar kacal ya buga wa babbar tawagar Polan, ƙarshe dai ƙananan kulob na gida ya koma. Ka biya wa abokinka kuɗin shayin kawai.