Jinin Baba na ƙara sauka bayan allurar azasitidin, mu daina ne?

Tambaya: Salam likita. Mahaifina shekararsa 71, an ce yana da MDS (cutar ɓargo da ke hana shi samar da lafiyayyen jini), gwajin ɓargo ya nuna ƙwayoyin gado na TET2 da DNMT3A sun samu matsala. An yi masa zagaye biyu na azasitidin amma jininsa sai ƙara sauka yake, har ƙarin jini aka yi masa. Wani a intanet ya ce tunda matsalar metileshan ce (manna wa DNA wani tambarin sinadari da ake kira metil) ana gyara ta da ƙwayoyin bitamin, wai mu ajiye allurar. Wlh hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kar ku ajiye allurar nan sai da yawun likitansa. Saukar jini a zagaye na farko da na biyu abu ne sananne a wannan maganin, sai an yi zagaye 4 zuwa 6, kwana 7 a cikin kowane kwana 28, kafin a yanke hukunci ko yana aiki.

Maganar mai bitamin ɗin nan kuwa, kusan kullum sai na ji ta kuma tana ƙona min rai. Sun tsinci gaskiya guda ɗaya, cewa tambarin metil da ke kan DNA ana sa shi ana cire shi, sai suka gina kasuwa a kai. To waye ke sawa, waye ke cirewa? DNMT3A ke manna tambarin, TET2 ke fara aikin goge shi, kuma a ɓargon Baba su ma'aikatan ne suka lalace, a cikin rubutun DNA ɗin kansa. Ko buhun folik asid da B12 ya shanye ba zai gyara harafin da ya sauya ba. Ƙari ma, a irin wannan cutar sau da yawa metil ɗin taruwa yake ya rufe bakin ƙwayoyin gadon da ke taka wa cutar daji birki, aikin azasitidin shi ne rage shi, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don MDS tun 2004. Shi mai tallan ko ya taɓa ganin sakamakon ɓargon Baba? Na ga waɗanda suka daina allura wata uku suna haɗiyar kafso, suka dawo cutar ta rikiɗe ta zama AML, wato cutar dajin jini mai saurin tsananta, iyalai na kuka, mai maganin kuma wayarsa a kashe. Ku ji tsoron Allah masu wannan sana'ar, ran mutum ne fa.

Ba zan ɓoye miki ba, azasitidin ba ya tumɓuke cutar daga tushe, danne ta yake, shi ya sa ko jini ya gyaru ana ci gaba da shi. Dashen ɓargo ne kaɗai ke iya warkarwa, shi kuma sai an duba ƙarfin jikin Baba.

Duk abin da yake sha ku kai wa likitansa ya gani. In zazzaɓi ya kai 38 ko ya fara zubar jini, ku tafi asibiti a take ko da tsakar dare ne.