Amsa ga ƙanwarmu mai shakkar karatun dokar kasuwanci

Ƙanwata, kin ce kina shekara ta uku a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kina son yin masta a dokar kasuwanci, amma ana tsorata ki wai haddarta ba ta ƙarewa, mai aikinta kuma ba ya ganin gidansa, ga shi kuma gajiyar karatu ta dame ki.

Ba yawan dokar ke wahalar da ɗalibai ba, haddar takardun kwafi ce. Dokarmu ta kasuwanci ta OHADA ce, wato yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka ƙulla a 1993, ƙasashe 17 ke aiki da ita. Abin da kika koya a Yamai zai ci da ke a Kotonu ko Abijan. Sai dai ana yi mata gyara: dokar kasuwanci ta gama-gari a 2010, ta kamfanoni a 2014, ta karɓo bashi a 2023. A wannan ta ƙarshe, wa'adin ƙalubalantar umarnin kotu na biyan bashi ya sauko daga kwana 15 zuwa 10. Wanda ya haddace kwafin da ya gada daga manyansa zai rubuta 15, ya faɗi, bai san dalili ba. Ki nemi ainihin rubutun dokar, ki duba shekararsa kafin ki ja layi ko ɗaya.

Kowace aya ki ɗora ta kan mutum. Ga ɗan kasuwar Katako ta Yamai da ya ba abokin cinikinsa siminti bashi ba takarda: da me zai kafa hujja, shekara nawa gare shi kafin haƙƙinsa ya wuce? In kin samu safiya babu darasi, ki je Kotun Kasuwanci ki zauna a baya ki saurara.

Batun gida kuwa, kada a ɓoye miki, ofishin lauya wa'adi ke juya shi, wani makon sai dare ake tashi. Amma ba nan kaɗai ake aiki ba. Bankuna, kamfanonin inshora da na waya duk suna ɗaukar masu dokar kasuwanci, kuma lokacin tashinsu ya fi tsayuwa.

Gajiyar da kika ambata ita ta fi damuna. A zafin Afrilu da Mayu karatun rana ɓata lokaci ne. Ki yi mai nauyin bayan asuba, awa biyu, waya a kashe. Kwanan zaune da shayi ana gobe jarrabawa ba ya ƙara maki. Ki ware yini ɗaya a mako ba littafi. In rashin barci da faɗuwar gaba suka wuce mako biyu, ki ga likita, kada ki tsaya jiran hutu.