Amsa ga ɗan ƙanena kan sabon faifai a gungun sabobi

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce kun haɗa sabon faifai da gungun sabobin wurin aikinku (manyan kwamfutocin da aka haɗa domin in ɗaya ta mutu ɗaya ta karɓi aikin), Windows yana ganinsa sarai, amma da ka zo buɗe rumbun bayanai a kansa sai SQL Server, manhajar da ke kula da rumbunan bayanai, ya ƙi, ya fito da kuskure mai lamba 5184. Kana kuma tambaya ko wajibi ne a bi dogon tsarin da manyanku suka saba bi.

Wajibi ne. A gungu, SQL Server ba shi da mazauni ɗaya. Idan na'urar da yake kai ta mutu, sai ya yi ƙaura zuwa 'yar'uwarta, kuma ba ya tafiya sai da faya-fayan da aka rubuta cewa ya dogara da su. Faifan da ba a rubuta ba, a baya za a bar shi, kamar kayan da ba a ɗaura wa ayari ba, shi ya sa tun farko yake ƙin ajiye komai a kansa.

Saboda haka ka fara tabbatar da cewa kowace na'ura a gungun tana ganin faifan, sannan daga guda ɗaya kacal ka tsara shi da GPT, sabon tsarin raba faifai, domin tsohon tsarin, MBR, ba ya wuce terabait 2. Wajen fomatin, al'adarmu ita ce NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows, mai yanki na kilobait 64, daidai da yadda SQL Server yake haɗa shafukan bayanai 8 masu kilobait 8 wuri guda. Daga nan ka shigar da shi ta Failover Cluster Manager, manhajar kula da gungun, ka miƙa shi ga rukunin SQL Server, wato shi da kayan da suke ƙaura tare, sannan ka buɗe shafin dogaro ka ƙara sunansa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne matasa suka fi tsallakewa, kuma ina kyautata zaton shi ya kama ka. A zamanin Windows Server 2003 sai an dakatar da SQL Server kafin a yi haka, amma tun daga na 2008 aka hutar da ku.

Kafin ka zuba bayanan jama'a, ka nemi izinin shugabanka, ka zaɓi lokacin da aiki ya lafa, ka mayar da rukunin kan ɗaya na'urar da hannunka, ka ga faifan ya biyo shi da harafin da Windows yake kiransa da shi, sannan ka dawo da shi. Ka gaida mahaifinka.