Wai da gaske ana buga eriya da tawada a jikin kwali?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da ƴar matba'a a nan Jidda, muna buga kwalayen dabino da na turare. Wani kwastoma ya ce yana son kwalin da za a kara waya a jiki ta nuna kayan na asali ne, wai akwai tawadar da ake buga eriyar da ita. Gaskiya ne? Kuma injina zai iya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Eh gaskiya ne, tawadar akwai ta, garin azurfa ne mai laushi sosai ake kwaɓawa da wani ruwa mai danƙo, in an buga sai a gasa a zafi kamar digiri 120 zuwa 150 don ruwan ya ƙone ƙwayoyin azurfar su manne da juna, sai layin ya zama kamar waya, lantarki na bi ta ciki. Akwai ta jan ƙarfe, ta fi araha amma iska na saurin ɓata ta, akwai kuma ta kabon wadda ba ta kai su jan wuta ba.

To amma Alhaji ga inda mutane ke ruɗewa, eriya kaɗai ba ta yin komai. Dole sai an liƙa mata ɗan cif, wani abu ne da bai kai ƙwayar gero ba, shi ke riƙe da lambar kayan, babu batir a ciki, daga na'urar da ta karanta shi yake samun wuta ta hanyar eriyar. Ɗora shi daidai kan bakin eriya da gam mai jan lantarki aikin inji ne na musamman, hannu ba ya yi, kuma wallahi nan kuɗin yake.

Sannan wannan haɗin eriya da cif iri biyu ne. Wanda kwastomanka ke nufi shi ne NFC, irin na katin banki na Mada da kake karawa a baƙala, wato shago, yana aiki a megahaz 13.56 kuma sai an matso kusa sosai, santimita kaɗan. Eriyarsa zagaye-zagaye ce mai dogon layi siriri, ita ta fi wahalar bugawa da tawada, don in layin bai yi kauri ba wutar sai ta raunana waya ta ƙi gani, ga shi sai an yi wata ƴar gada ta tsallake zagayen don haɗa bakin ciki da na waje. Ɗayan kuma UHF, tsakanin megahaz 860 da 960, shi ake karantawa daga nesa, mita da yawa, a ƙirga katan-katan a sito ba a buɗe ko ɗaya ba. Shi ya fi karɓar bugu, amma wayar hannu ba ta karanta shi.

Maganar injinka kuwa, firinta ta yau da kullum ba za ta yi ba. Sikirin irin na buga riguna ya fi kusa, don yana zuba tawada da kauri. Kwali ma yana shan tawada, layin ya tsattsage in ba mai sulɓi ba ne.

Ni dai in ni ne kai ba zan sa riyal ɗina a tawadar azurfa yanzu ba. Sayi sitika da aka gama haɗawa, eriya da cif, yawancinsu ma alminiyom ne a kan leda, ka liƙa ta cikin kwalin ka yi bugunka mai kyau a sama. Amma don Allah ka gwada da kayan a ciki, kar ka gwada a kwali fanko, domin ƙarfe na kashe siginar, kwalin turare mai takardar gwal ɗin nan ko murfin ƙarfe zai iya hana ta aiki gaba ɗaya, ruwa kuma yana shanye UHF, dabino mai danshi irin ruɗab ma yana rage nisan. Ka bar guda goma a mota kwana biyu cikin zafin Jidda da gumin teku, ka ga ko gam ɗin zai saki, kafin ka yi wa kwastoman alkawari.