Amsa ga mai son tayar da akori-kurar mahaifinsa don wasan laka

Ƙanena, wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Tun daren jiya na ga tambayarka, amma na bari sai da na rufe gareji na zauna, domin maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka gaji Land Cruiser HJ47 akori-kura ƙirar 1982, shekararta tara a ajiye ƙarƙashin darbejiya a gidanku can Marwa, kana so ka cire injinta ka dasa 1HZ ka sa masa turbo, ka ɗaura tayoyi masu inci 37, ku riƙa tseren laka da abokanka da damina kamar yadda kake gani 'yan Amurka na yi. Ka tambaya ta ina za ka fara.

Ni a Garwa nake, nan arewacin Kamaru, kuma rabin rayuwata a ƙarƙashin waɗannan motoci na yi shi. Abu na farko da zan roƙe ka: kada ka taɓa injin nan tukuna. Laka ba ta cika kashe mota don rashin ƙarfi ba. Tana kashe ta ne idan ta samu ƙofar shiga, kuma motar da ta shekara tara a tsaye ƙofofinta sun fi a ƙirga.

Bari in gaya maka yadda na san haka. Ina da Land Cruiser BJ45 mai injin 3B, na gyara ta da hannuna, na kashe mata abin da nake da shi a kan fenti da manyan tayoyi. Wata ranar Agusta bayan ruwan dare muka fita wajen Pitowa, akwai wani kududdufi da masu aikin hanya suka haƙa suka bari. Na shiga da gudu a giya ta biyu. Ruwa ya taso ya rufe bonet, na ji ƙara guda ɗaya, "kwas", inji ya ɗauke. Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Sai na sake murɗa makulli. Da muka kwance injin bayan kwana biyu, kwanrod ɗin fistin na uku, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da shi, ya lanƙwashe kamar lauje, laka kuma kwance a cikin gidan filtar iska, har da ɗan ciyayi. Injin gazuwal, wato dizal, yana matse iska ne kusan sau 20, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka in ya cika silinda ƙarfe ne zai ba da hanya. Damina guda na yi ba mota. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci, don bututun shan iska da zai hana wannan asara bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Ka riƙe wannan: in inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake yi masa ki. A jawo motar waje, a cire bujin zafi duka, a juya injin ruwan ya feso, a sauya baƙin mai, sannan a gwada.

To, ta ina za ka fara? Daga shasi. Ka ɗaga bodi gaba ɗaya ka ajiye gefe, a wanke shasin, ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi taku-taku kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa sai ka ji ya amsa a dushe. Ka fi mai da hankali wurin da kunnuwan sifirin na baya ke riƙe, da ƙarfen da ya gitta a can ƙarshen baya, da kewayen akwatin sitiyari inda yakan tsage. Mu nan arewa Allah ya taimake mu, iskarmu busasshiya ce, ba kamar motocin Duwala da gishirin teku ke ci ba. Amma akori-kurar da ta yi shekaru tana jigilar buhunan masakwa da albasa sau da yawa shasinta ya sunkuya a tsakiya, ko wani mai walda ya taɓa lafta mata faci ya rufe da baƙin fenti. Ka auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya. In shasin ya karkace, duk abin da ka ɗora a kansa asara ne.

Sai injin. Wannan da kake son jefarwa 2H ne, silinda 6, lita 4, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ba shi da belin taimin, haƙoran ƙarfe ne ke juya shi, babu kwamfutar da ruwa zai ruɗa. 1HZ da ya fito a 1990 inji ne mai kyau, lita 4.2, ba wanda zai musa, amma yana da beli da ake sauyawa, kuma ba a ƙera shi don turbo ba. Na ga da dama da aka matsa musu turbo aka ƙara musu mai, fistin ya tsage ko kan silinda ya fashe a zafin Afirilu. Idan turbo ne dole, Toyota da kanta ta yi wa dangin 2H nasu, wato 12H-T da ya zo cikin HJ61, sai dai samunsa mai lafiya aiki ne. Shawarata, ka fara tayar da na Baba. Ka zubar da tsohon gazuwal, a wanke tanki, a cire bujin zafi a ɗiga mai a kowace silinda a bar shi kwana uku, a juya shi da hannu da sifana kafin batir ya taɓa shi. A auna matsin kowace silinda. In sun yi kusa da juna, a kai nozul da famfon gazuwal wurin masu saiti, shi ke nan. Akwai wata 'yar na'urar lantarki a gefen famfo, EDIC, ita ke buɗe mai ta kuma kashe inji. Laka da ruwa ba sa barin ta lafiya. Mu cire ta muke yi mu sa waya ta hannu da ake ja daga cikin mota, amma ka sani ita ce ke kashe injin idan matsin baƙin mai ya faɗi, don haka in ka cire ta dole ka sa agogon mai na gaske a gabanka, kuma ka riƙa kallonsa.

Yanzu ƙofofin da na ce. Bututun shan iska ya hau har saman rufi, kuma a liƙe kowace mahaɗa. Gwajinsa mai sauƙi ne: inji na aiki a hankali, ka toshe bakin bututun da katako mai laushi, ba da tafin hannu ba. In ya mutu nan take, aiki ya yi. In ya ci gaba da numfashi, akwai inda yake sata, kuma ta nan ruwa zai bi. Bayan wannan, pon na gaba da na baya, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa aksil, da giyabos, da akwatin karabo mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, kowanne yana da ɗan hancin da yake shaƙar iska. Ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi sai iskar cikinsa ta tsuke ya zuƙo ruwa. Ka sa wa kowanne tiyo ka kai shi sama kusa da gilashi. Duk ranar da kuka dawo daga laka ka kwance noti ka duba man. In ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, ka zubar a ranar, kada ya kwana.

Gwiwoyin ƙafafun gaba ma sai an kwance su. A cikinsu akwai wani kwando mai ƙwallayen ƙarfe da ke kai ƙarfi ga taya ko da an karya kan mota, shi ne ake kira birfil. Bayan shekara tara giris ɗin ciki ya zama kamar sabulun salo, sil ɗin sun bushe. A sauya sil, da boris, da tsumman da ke share ƙwallon gwiwa, a cika da baƙin giris. Wannan kwandon shi ne abin da manyan tayoyi ke fara karyawa. Taya na juyawa a banza cikin laka, ka karya sitiyari, sai ta cafki ƙasa mai tauri, ka ji "ɗas". Na canza su ba adadi a motocin samari.

Wannan ya kawo mu ga inci 37. Motar ta fito ne da 7.50R16, tsayinta kusan inci 32, kuma haƙoran pon ɗinta galibi 4.11 ne, wato ƙarfen da ke kawo ƙarfi daga giya na juyawa sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya, ka ƙirga naka ka tabbatar. Idan ka koma 37 ka ƙara wa da'irar taya wajen kashi 16 cikin ɗari, wato ka rage wa motar ƙarfin ja da kusan wannan gwargwado. Kafin ta dawo yadda take sai ka sauya haƙoran gaba da baya zuwa 4.88, ka sayi birfil masu ƙarfi, ka yanka bodi, ka nemi sitiyari mai mai. Kuɗin ya isa ya tayar da wata motar. Ni a 33 zan tsaya, masu manyan haƙora da faɗin tazara, in ya yi yawa 35 da haƙora 4.56. Abin da kake gani a Amurka rami ne da aka haƙa musamman, aka cika da ruwa, motar kuma a kan tirela ake kawo ta a mayar da ita. Tamu ƙasar daban ce. Karal, baƙar ƙasar nan da ke daddarewa da rani har ƙafa na faɗawa tsaginta, idan ta sha ruwa danƙo take zama. Takan cika haƙoran taya ta mai da ita sumul kamar ƙwarya, ta cushe tsakanin taya da bodi har ƙafa ta ƙi juyawa. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kuseri ta Waza da damina ya san ta. A irin wannan ƙasa abin da ke fitar da kai shi ne taya mai zubar da laka da kanta, da sarari a kewayenta, da mota marar nauyi. Ka rage iska zuwa wajen bar 1.2, kada ka yi ƙasa sosai taya ta fice daga rim. Ka cire duk ƙarfen da ba ya aiki a bayan motar.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da ɗora sifirin a saman pon don motar ta yi tsawo. Tana yin kyau a hoto, amma akori-kura siririya ce, tana tashi sama tana neman kifewa, kuma ƙasan pon bai ɗagu ko da yatsa ɗaya ba, taya kaɗai ke ɗaga shi. Sababbin sifirin da ɗagawar santimita 5 sun isa, da shokazoba masu kyau.

Birki: in na gaba ganga ne, laka za ta cika shi, ka taka ka ji ba komai. Ana ɗauko gwiwoyi da faifan birki na Land Cruiser 60 a dasa, suna zama. Lagireto kuwa laka kan toshe shi ta bushe a ciki, a garin da zafi ke haura 40. Ka wanke shi daga baya zuwa gaba, ba da ruwa mai tsananin ƙarfi ba. Wasu na mayar da shi bayan mota, yana aiki, amma sai da fanka mai kyau. Kuma kada ka taka kuloci a tsakiyar laka. Ka zaɓi giyarka tun a bakin ruwa, ta biyu a ƙaramin karabo, ka riƙe ta har ka fita.

Akwai abin da ba na sassauci a kansa. Rufin motar nan ba zai riƙe nauyinta ba in ta kife. Kafin ka yi tsere ko na wasa, a yi mata keji na bututun ƙarfe marar ɗinki, irin mai kaurin milimita 45 da bangon 2.5 da dokokin tseren motoci na duniya suka tanada, a kafa shi ya samu shasi, ba a kan farantin bodi kawai ba. Ba bututun famfo ba, don Allah, komai arharsa. Bel ɗin kujera mai kyau, hular kwano, tukunyar kashe wuta inda hannunka zai kai. Ba a ɗaukar kowa a baya. Wajen jan mota kuma kada a taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba, domin in ya tsinke harsashi ne. A yi kunnuwa masu ƙarfi a jikin shasi, a jefa buhu ko bargo a kan wayar, yara su matsa nesa, don ka san duk inda mota ta maƙale yaran ƙauye ne ke fara zuwa. Idan za ka sayi winci, ka duba tukuna ko motarka mai bolt 12 ce ko 24, don dukansu akwai su.

Sannan wurin da za ku yi wasan. Filin da ka gani kwance da ruwa a Agusta ba banza yake ba. Yawancin karal gonakin masakwa ne, mai shi yana jiran ruwa ya janye ya dasa a wajen Satumba zuwa Oktoba, kuma ramin da tayarka ta bari zai bushe a haka ya lalata masa kunyoyin da ya yi don tare ruwa. Ku je wurin jauro ko lawan na wurin, ku gaisa, ku nemi tsohon ramin kwasar ƙasa da ba na kowa ba, ku sanar da jandarmomi. Ku taka ramin da ƙafa da sanda kafin mota ta shiga. Mayo kuwa, wato rafi, idan yana gudu ba wurin wasa ba ne, kai ɗan Marwa ne, ka san abin da Mayo Kaliyawo na garinku ke yi bayan an yi ruwa a duwatsu. In za ka riƙa hawa kwalta da ita, ka tuna lambar inji da ta shasi su dace da kart giriz, wato takardar rajistar mota, wannan ma wani dalili ne na barin 2H a wurinsa.

Kayan gyara ana samu, na hannu daga Duwala ko ta Mubi da Kano, amma sil da boris ka sayi na asali ko da sun ninka kuɗi. Ka fara da ɗaga bodin nan a wannan makon. Ka ɗauko mini hoton kunnuwan sifirin na baya, da akwatin sitiyari, da farantin lambobin da ke cikin bonet, in gani kafin ka sayi ko da noti ɗaya.